Ruwan da yake komawa rijiya cikin dare

Da jama'ar unguwarmu suka ɗora mini kula da rijiyar burtsatsen masallaci, na ɗauka aikin bai wuce karɓar kuɗin 'yan garuwa da sayen man janareta ba. Ni malamin makaranta ne, ban taɓa riƙe sifanar famfo ba. Unguwar sabuwa ce a bayan garin Kano, bututun gwamnati bai iso mu ba tukuna, don haka gidaje da yawa da wannan rijiya suka dogara. A ido, tsarin ba shi da wuya. Sumo, wato injin da ke turo ruwa, yana can ƙasan rijiya, bututu mai inci ɗaya da kwata ya ɗauko ruwa ya hau da shi tanki mai cin lita 5,000 da ke kan ƙarfe mai tsawon mita 6, daga nan ya sauko wurin alwala da famfunan da mata da yara ke ɗiba. Masu kura kuma an cire musu nasu reshen tun daga bakin rijiya.

Ban yi wata biyu ba ruwa ya fara ɓacewa. Mu cika tanki bayan isha'i, da asuba mutane su zo alwala su tarar famfo yana huci babu ko ɗigo. Zargi ya faɗa kan mai gadi, wai yana sayar wa 'yan garuwa cikin dare, kuma ni ma na yarda da zargin, abin da har yau yake damuna. Na sayo kwaɗo na kulle kowane famfo, na tafi gida da makullan. Da asuba tanki wayam. Dare na uku na shimfiɗa tabarma a gindin tankin na kwana. Wajen ƙarfe ɗaya, gari ya yi tsit, na kara kunnena a jikin bututun da ke hawa sama, sai na ji ruwa yana gudu a ciki alhali inji a kashe yake. Kuma ƙasa yake yi.

Aka haɗa ni da wani dattijo mai gyaran famfo da muke kira Baba, wanda ya yi shekaru yana aikin bututu tun zamanin na ƙarfe. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Malam, ka saki mai gadi, ɓarawonka yana cikin rijiya." Ya sa yaronsa ya hau ya leƙa tankin. Ashe wanda ya yi aikin farko ya zura bututun shiga har kusa da gindin tanki. Da zarar an kashe inji, ruwan da ke cikin bututu sai ya zube rijiya, yana zubewa yana jan na tankin a bayansa, kamar yadda ake zuƙo fetur daga tankin mota da tiyo. Abin da ya kamata ya tsare wannan hanya shi ne bawul ɗin da ke kan sumon, wanda masu sana'ar ke kira nanritan: ruwa ya wuce sama, amma ba ya komawa.

Na roƙe shi ya sa mana sabo a bakin rijiya kawai, don fito da sumo aiki ne mai kuɗi. Ya ƙi. Ya ce in na sama ya riƙe, na ƙasa kuma yana yoyo, ruwan da ke tsakaninsu zai sauka ya bar wuri fayau ba ruwa ba iska, ranar da aka kunna inji kuma ruwa zai taso da gudu ya doki na saman kamar guduma. Ya ƙara da cewa ruwan da ke komawa yana juya injin ta baya, kuma in wuta ta dawo a daidai wannan lokaci, sandar injin tana iya karyewa. Mu shida muka ja igiya muka fito da shi. Da ya kwance kan, ya miƙo mini a tafin hannunsa: tsakuwa ɗaya da ba ta kai ƙwayar dawa ba, ta maƙale a bakin robar, ga yashi ya ci gefen robar ya yi mata zazzago. Wannan ce ta shanye mana lita dubbai, ta kuma sa na zargi bawan Allah. A ranar na je na ba mai gadi haƙuri a gaban liman.

Muka tafi Kofar Ruwa muka sayo nanritan na tagulla. Baba ya ɗauki biyu ya auna nauyinsu a hannu, ya zaɓi mai nauyin, ya hura ta gefe ɗaya iska ta wuce, ya hura ta ɗayan ta ƙi. Ya nuna mini kibiyar da ke jikinsa, ya ce duk inda ta nuna nan ruwa zai bi, in aka juya ta inji zai yi ta tura bango. Ya kuma yanke bututun shiga ya tsaya sama da iyakar ruwan tanki, ta yadda ko bawul ya sake lalacewa babu abin da zai zuƙo.

Ɓarna ta biyu ni na yi ta da hannuna. Tanki yakan cika ya yi ta ambaliya in mai gadi ya shagala, ruwa ya kwanta a ƙofar masallaci. Na ga irin bawul mai ƙwallo da ake sawa a tankin bayi, wanda in ruwa ya taso ƙwallon ya ɗaga ya toshe hanya, sai na sayo babbansa na sa aka ɗaura mana, ban shawarci Baba ba. Ambaliya ta tsaya, mutane suka yi ta sa mini albarka. Abin da ban sani ba shi ne ƙwallon ruwa kawai yake tsayarwa, ba ya kashe inji. Sumo kuwa ruwan da ke wucewa ta jikinsa shi ne yake sanyaya shi. Tanki ya cika, hanya ta rufe, inji yana ta juyawa a cikin ruwan da ba ya motsi har ya ɗau zafi. Bai yi sati uku ba ya ƙone. Sai da aka yi karo-karo, har da gidajen da na san abincin dare ma da ƙyar suke samu, kuma kwana tara mata suna tafiya unguwar gaba da bokiti. Baba bai yi mini faɗa ba. Cewa ya yi, "Wannan na ruwan gwamnati ne, Malam, inda ba injinka ne ke turowa ba." Ya cire shi ya sa makunnin lantarki mai iyo, wanda in ruwa ya kai iyaka yake yanke wa injin wuta.

Reshen 'yan garuwa shi ya fi ɗaukar mini lokaci kafin in gane. Gwiwar bututun roba da ke kusa da wurin ta fashe sau uku, kullum a wuri ɗaya, ni kuma ina ta zargin gam. Sai da na zauna na kalli yadda suke aiki. Don jarka ta cika da sauri, sukan rufe hanyar tanki gaba ɗaya, ƙarfin inji duka ya dawo kansu. Bawul ɗin wurin kuma mai mariƙi ne, irin wanda juyi ɗaya na kwata yake rufe shi. Jarka ta cika, yaro ya buge mariƙin da tafin hannu, sai ka ji "gum", bututu ya yi tsalle a kan ƙasa. Ruwa ba ya matsuwa kamar iska, in yana gudu aka datse shi farat ɗaya, ƙarfin nan sai ya huce a jikin bututu. Daga baya na karanta cewa wani masani ɗan Rasha, Nikolai Zhukovsky, ya yi gwajin wannan a bututun ruwan birnin Mosko ya fitar da lissafinsa a 1898. Ruwan da ke tafiyar mita 1 a daƙiƙa, in aka tsayar da shi nan take a bututun ƙarfe, matsin yana ƙaruwa da fiye da bar 10 (bar shi ne ma'aunin matsi), a na roba kuma kusan bar 4. Don a gane girman abin, tsayin ruwa na mita 10 shi ne yake ba da kusan bar 1, wato ƙarfen tankinmu mai mita 6 kusan bar 0.6 kawai yake bayarwa.

Na ce to a sa musu mai sitiyari, tunda shi sai an yi ta murzawa kafin ya rufe. Baba ya girgiza kai. Irin wanda nake nufi ƙofa ce a cikinsa da ke sauka ta datse hanya, an yi shi ne don ya zauna a buɗe sarai ko a rufe ruf. In aka bar shi rabi, ruwa yana kaɗa ƙofar yana cin bakinta, wata rana ka murza har ƙarshe ruwa bai tsaya ba. Wanda aka yi don rage ruwa daban ne, cikinsa kumburarre, yana da faifai da ke sauka a kan mazauni. Amma a ganinsa matsalar ba ta bawul ba ce ma. Ya rufe reshen daga bakin rijiya, ya ɗauko musu ruwa daga ƙasan tanki da bututu mai inci 2. Matsi kaɗan, hanya mai faɗi, jarka tana cika da sauri kamar da, kuma ko sun buge mariƙin babu abin da ke motsi. 'Yan garuwar da suka fara gunaguni su ne suka dawo suna cewa gara haka.

Da kuɗin da ya rage muka sa wa kowane reshe nasa bawul na rufewa, da yuniyon a gefensa don a iya kwance shi ba sai an yanka bututu ba. A da in famfo ɗaya ya lalace sai an zubar da tanki ko a hana kowa ruwa. Yanzu duk Juma'ar farkon wata, bayan an sauko daga masallaci, ni da mai gadi mukan bi su ɗaya bayan ɗaya mu rufe mu buɗe don kada su ƙage, masu sitiyarin kuma in sun kai ƙarshe mu mayar da su baya kaɗan kamar yadda Baba ya nuna mana.

Saura layin famfunan mata. Bututun ya haura wani ɗan tudu kafin ya gangara, kuma duk ranar da tanki ya ƙare aka sake cikawa, iska takan taru a ƙololuwar tudun ta tare hanya, ruwa ya riƙa fitowa kamar zare. Baba ya riga ya kafa dutse a daidai wurin da za a sa bawul mai fitar da iska. Kuɗinsa muke tarawa, mun kai rabi.