Biliyan: sifili tara ne ko goma sha biyu?

Abin da aikin fassarar labarai ke koya wa mutum da wuri shi ne kada ya yarda da kalmar "billion" sai ya san daga bakin wa ta fito. A Turancin yau tana nufin miliyan dubu, wato 1 da sifili tara a bayansa. A Ingila kuwa, da can miliyan sau miliyan ce, sifili goma sha biyu, Amurkawa ne ke kan tara. Sai a 1974 gwamnatin Harold Wilson ta koma lissafin Amurka a alƙalumanta. In tsohon littafin Birtaniya ne a hannunka, dakata ka ƙirga.

Babban ramin yana tsakanin Turanci da Faransanci. Abin da Bature ke kira "billion", Bafaranshe "milliard" yake ce masa, shi ya sa Hausawan Nijar ke cewa miliyar. "Billion" ta Faransanci kuma tiriliyan ce. Mai fassarar da ya ga kasafin kuɗi na sefa ya ɗauko kalmar yadda take, ya rage kuɗin sau dubu bai sani ba.

Sai ɗigo. An rubuta ₦2.5bn, biliyan biyu da rabi ke nan, ba gardama. Amma ₦2.05bn biliyan biyu da miliyan hamsin ne. Idon mai sauri yakan tsallake sifilin nan ya ce biliyan biyu da miliyan ɗari biyar, ya ƙara miliyan 450 daga aljihunsa. Maganinsa a rubuta adadin cikakke a gefen takarda, 2,050,000,000, a raba shi uku-uku daga dama, sannan a karanta. A takardun Faransanci waƙafi ne ke aikin ɗigon, 2,05.

Harafin "s" ma yana da nasa aikin. "Three billion" adadi ne tsayayye, ba a sa masa "s". "Billions of naira" kuwa biliyoyin naira ne, ba a faɗi ko nawa ba, kada ka ƙirƙiro. Wanda ya ce ya gaya maka abu "a billion times" ba lissafi yake ba, ƙorafi ne, irin namu na "na faɗa maka sau dubu".

Mutane kan ji miliyan da biliyan kamar wa da ƙane, saboda amon ya yi kama. Daƙiƙa miliyan ɗaya kwana goma sha ɗaya ne da rabi. Daƙiƙa biliyan ɗaya ta haura shekara 31.