Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Watannin da Sikeli Ya Ƙi Motsi

A makon jiya na tsaya ne a inda likita ya shaida mini cewa sukarin jinina ya fara hawa, ya kuma shawarce ni da in haɗa tafiyar ƙafa da ɗaga ƙarfe. Na karɓi shawarar hannu bibbiyu, na koyi tsugunawa da ƙarfe a kafaɗa, da ɗago shi daga ƙasa, da tura shi sama ina kwance a kan benci. Watanni suka shuɗe, tafin hannuna ya yi kanta, bel ɗina ya koma ramin da na daɗe da fidda rai da shi, amma sikeli ko gezau bai yi ba.

Da na kai kukana, likitan ya ce, "Malam, sikeli jimilla yake aunawa, ba ruwansa da wanne ne kitse, wanne ne tsoka." Ya bayyana mini cewa tsoka ta fi kitse cunkushewa, saboda haka ƙugu yana iya raguwa alhali nauyi yana nan daram.

Abin da ya fi tayar mini da hankali ya zo ne daga baya, lokacin da na rage ci kuma kitsen ya fara zubewa sosai. Wata irin yunwa ta riƙa tashina cikin dare, ga jin sanyi a yatsu, ga kasala da ke sa ƙarfen da na saba ɗagawa ya zame mini dutse. A nan ne na fara jin sunan leftin daga bakin likitan, na kuma bi diddigin batun da kaina.

Leftin sinadari ne da ƙwayoyin kitse suke zubawa cikin jini, ya tafi wani sashe a ƙasan ƙwaƙwalwa mai kula da yunwa, ya sanar da shi yawan ajiyar da jiki yake da ita. Jeffrey Friedman da abokan aikinsa ne suka gano shi a Jami'ar Rockefeller da ke Amurka a shekarar 1994, ta hanyar nazarin wasu ɓeraye da ba sa ƙoshi. A 1997 kuma masu bincike a Cambridge ta Ingila suka samu yara biyu 'yan uwan juna waɗanda jikinsu ba ya samar da shi, ƙiba ta yi musu yawa tun suna ƙanana, kuma daga baya allurar leftin ta sauya rayuwar masu irin wannan lalura. Sai dai irinsu ba su da yawa. Galibin masu ƙiba leftin ya yi musu yawa ne a jini, ƙwaƙwalwarsu ce ba ta amsa saƙon yadda ya kamata, shi ya sa allurar ba ta yi musu wani tasiri na a zo a gani ba. Mata ma sun fi maza yawansa ko da nauyinsu ɗaya.

To ina ƙarfe ya shigo? Ɗaga ƙarfe na yini guda kusan ba ya taɓa leftin. Kitse yake bi: idan atisaye ya ɗore har kitse ya ragu, shi ma sai ya sauka. Yana kuma faɗuwa da sauri cikin 'yan kwanaki idan aka matsa wa ciki, tun kafin kitsen ya tafi, kuma ƙwaƙwalwa tana ɗaukar wannan faɗuwa a matsayin alamar fari, sai ta ƙara yunwa, ta rage kuzarin da jiki yake ƙonawa. Wannan shi ne abin da nake ji da daddare. Amfanin ƙarfe a irin wannan hali shi ne yana hana tsoka zubewa tare da kitse, wanda ba ƙaramin abu ba ne ga mai fama da sukari, domin tsoka ce take zuƙe mafi yawan sukarin jini bayan an ci abinci.

Ina jin takaici ƙwarai idan na ga ana tallan ƙwayoyin da wai suna gyara leftin ga mutanen da suka riga suka gaji da zargin kansu da kwaɗayi. Leftin furotin ne, wanda ya haɗiye shi ciki zai narkar da shi kamar kowane abinci.

Ni da likitan muka sake tsari. Na sassauta ragin abinci, na riƙe ƙarfen yadda yake, na kuma ba barci haƙƙinsa, tunda ƙarancin barci ma yana iya saukar da leftin ya tada yunwa. Na ajiye sikeli, na koma auna ƙugu da tef. Sannu a hankali tashin dare ya ragu, likita ya rubuta mini gwajin jini na biyu, kuma sakamakonsa ne zan kawo muku a mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.