Masana'antun Giya na Gado a Gaɓar Tekun Ingila

Giyar ganga ba ta jure tafiya. Ga nauyi, ga saurin lalacewa, a zamanin da keken doki ne motar kaya. Shi ya sa a wancan zamanin kusan kowane garin bakin teku a Ingila yake da nasa gidan dafawa. Jiragen ruwa na sauke kwal da hatsi a tasha, masunta da ma'aikatan jirgi kuma su ne masu saye.

A Bridport da ke Dorset, iyalin Gundry, masu sana'ar igiya da komar kamun kifi, su suka gina masana'anta a 1794. 'Yan'uwa biyu na gidan Palmer suka saye ta a 1896, har yau kuma tana hannun zuriyarsu. A Southwold da ke Suffolk, George da Ernest Adnams sun sayi ta garin a 1872.

Aikin kansa bai sauya sosai ba. Ana jiƙa sha'ir ya yi tsiro, kamar yadda masu burkutu ke yi wa dawa, a busar da shi a wuta, a ɓarza. Sai a dama shi da ruwa mai zafin digiri 65, a bar shi kamar awa ɗaya, garin ya koma zaƙi. Nan ne gwaninta take. In ruwan ya yi zafi da yawa, sinadarin da ke fitar da zaƙin ya mutu, an yi asarar tukunya guda. Daga nan a tace, a tafasa awa ɗaya da furen hops mai ɗaci, wanda ke rage saurin lalacewa, a huce shi da gaggawa zuwa wajen digiri 20, a zuba yisti. Cikin mako guda ta nuna. Kowane gida na tattalin nasa yistin, ana kwashe na sama a ajiye don dahuwa ta gaba, domin in ya gurɓace ɗanɗanon da aka san gidan da shi ya tafi.

Yawancin ɓarna daga ƙazanta take. Bututu ɗaya da ba a wanke da kyau ba ya isa ya mai da komai tsami. Ƙaramar ganga galan 9 take ci, wajen lita 41, ana ajiye ta a ɗakin ƙasa mai sanyin digiri 11 zuwa 13, kuma da zarar an buɗe, kwana uku ne a sayar ko a zubar.

Neman tabbatacciyar kasuwa ce ta sa iyalan sayen mashayu na kansu, inda ba a sayar da ta kowa sai tasu. A garin da ciniki ke haɓaka da zuwan 'yan yawon shaƙatawa lokacin zafi, ya faɗi warwas da hunturu, mai dafawar da ba shi da mashaya bai san yawan da zai dafa ba. Ƙananan gidajen dafawa da yawa manyan kamfanoni suka yi ta sayewa suna rufewa a ƙarni na 20.