Saƙon Godiya Ga Mutanen Hanyar Jega Da Duk Waɗanda Suka Tsaya Mana

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki da Ya fitar da mu daga gida lafiya, Ya kuma mayar da mu ga iyalanmu da ranmu bayan abin da ya same mu a kan hanyar Jega a makon jiya. Ina rubuta wannan ne a madadin kaina da abokan tafiyata uku, domin mutanen da suka taimake mu sun fi ƙarfin mu bi su gida gida, kuma da yawa daga cikinsu ko sunayensu ba mu samu sukunin tambaya ba.

Mu huɗu tun muna sakandare muke tare, kuma shekara da shekaru muna bin wannan hanya zuwa ɗaurin aure ko ta'aziyya, kullum cikin sauri, ba mu san komai na garuruwan da ke bakinta ba sai allon sunayensu. Da aka yi hutun ƙarshen shekarar karatu, damina ta zauna, gero ya fara fitar da kai, sai muka yi shawarar mu ɗauki kwana uku mu kewaya daga Sakkwato ta Boɗinga da Tambuwal da Jega, mu biyo ta Birnin Kebbi da Argungu mu dawo gida, da sharaɗin duk inda akwai abin gani a gefen hanya za mu tsaya mu gan shi da idonmu. Bayan sallar asuba muka fara da ziyara a Hubbaren Shehu, sannan muka kama hanya.

Godiyarmu ta farko ga dattijon da ya karɓe mu a Sifawa. Mun same shi zaune a gindin bishiya kusa da masallaci yana gyaran ƙotar fartanya, kuma da jin abin da ya kawo mu ya ajiye aikinsa ya shige gaba. Shi ya kewaya da mu wuraren da ake dangantawa da zaman Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a garin, inda ya zauna yana karantarwa kafin ya koma Sakkwato a 1815, shekara biyu kafin rasuwarsa. Ya kuma tuna mana cewa a lokacin ƙanensa Malam Abdullahi yana zaune ne a Boɗinga, wadda muka wuce ɗazun ba mu ko rage gudu ba. Abin ya taɓa ni ƙwarai, domin ni malamin makaranta ne, na sha faɗa wa ɗalibai sunan Sifawa a cikin aji, amma ban taɓa taka ƙasarta ba sai ranar. Da muka yi masa ihsani ya ƙi karɓa, ya ce addu'a kawai yake so. Baba, Allah Ya sa ka gama lafiya.

A garin Shagari mun tsaya mun yi wa marigayi Alhaji Shehu Shagari addu'a, wanda ya shugabanci Nijeriya daga 1979 zuwa 1983, aka kuma rufe shi a mahaifarsa a watan Disambar 2018. Mun sha fura a Tambuwal, sannan muka ratse zuwa Gwandu muka ziyarci hubbaren Malam Abdullahi. Muna godiya ga masu kula da wurin, waɗanda suka yi haƙuri da tambayoyinmu har la'asar ta yi sanyi.

Daga nan ne jarrabawar ta zo. Mun dawo kan babbar hanya mun nufi Aliero hadari ya haɗo daga gabas, kafin mu ankara ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya, har wanda ke tuƙi ba ya ganin abin da ya wuce hancin mota. Wani rami da ruwa ya rufe shi ne ya fizge sitiyarin daga hannunsa, motar ta sulale ta bar kwalta, ta gangara ta kwanta da gefe ɗaya cikin laka a bakin wata gona. Ukunmu mun fito da ƙujewa kawai, amma ɗan'uwanmu da ke zaune a gaba ya dafe da hannun dama lokacin da motar ta karkata, kuma da na haska shi da fitilar waya na ga wuyan hannun ya kumbura ya sauya kama, yana ta salati cikin ƙaramar murya. Magariba ta yi, ruwa bai tsagaita ba, motocin da ke wucewa ba su ko hango mu a ƙasan hanya, kuma kowa ya san yadda zuciyar matafiyi take a zamanin nan idan duhu ya same shi a daji.

Mutumin da ya fara zuwa gare mu wani manomi ne da ke komawa gida da shanun huɗarsa biyu, ya rufe kansa da buhu. Bai tambaye mu ko mu su wane ne ba. Ya duba motar, ya duba mai ciwon, ya aiki yaronsa cikin ƙauye da gudu, kuma ba a jima ba sai ga samari sun fi goma da igiyoyi da fartanya da tocila. Har yanzu ina ganin yadda ya ɗaura igiyar a karkiyar shanun, ya dafa doron ɗaya daga cikinsu yana yi masa magana a hankali, samarin kuma sun nutse cikin laka har gwiwa sun sa kafaɗa a jikin mota. Sau biyu igiyar tana suɓucewa, a na uku motar ta miƙe ta hau tudu. Wani yaro da bai wuce shekara goma sha biyu ba ya koma cikin taɓon ya lalubo mana jakar takardunmu, ya goge ta da rigarsa kafin ya miƙo mini da hannu biyu. Ba ni da kalmar da za ta biya wannan.

Muna godiya ga mai garin ƙauyen, wanda ya sa aka tura motar zuwa ƙofar gidansa, ya share mana zaurensa, ya sa aka hura wuta muka shanya tufafinmu. Muna godiya ga iyalinsa da suka aiko da tuwon gero da miyar kuka da zafinsa cikin dare, musamman Inna da ta aiko da bargonta domin mai ciwo, tana cewa a faɗa wa ɗanta ya yi haƙuri, ciwo ba mutuwa ba ne. A daren ne wasu samari biyu suka ɗauki ɗan'uwanmu a babur, ɗaya na tuƙi ɗaya na riƙe da shi ta baya, suka kai shi cikin Aliero, garin da kowa ya sani da noman albasa da kuma gwanayen ɗori da ake zuwa wurinsu daga nesa. Dattijon da ya duba shi ya shafa hannun a natse, ya mayar da ƙashin mazauninsa, ya jera karare ya ɗaure, sannan da bakinsa ya ce kada mu kuskura mu wuce Birnin Kebbi ba mu je asibiti an ɗauki hoton hannun ba. Na girmama shi a kan wannan magana fiye da komai, domin wanda ya san iyakar saninsa shi ne abin amincewa. Mun bi shawararsa, kuma muna godiya ga likita da ma'aikatan jinyar da suka karɓe mu a can, suka duba hoton suka ba da magani.

Haka nan muna godiya ga bakaniken da ya taso daga Jega da sassafe da kayan aikinsa a bayan babur, ya kwanta a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa ya sauya ƙarfen ƙafar gaba da ya lanƙwashe, ya karɓi kuɗin ƙarfen kaɗai ya ce ladan aikinsa sadaka ne, da mai facin da ya gyara mana taya biyu.

Mu ukun mun so mu juya gida daga Birnin Kebbi, amma mai ciwon ya ce tun da Allah Ya tsare, ba zai koma Sakkwato bai ga Argungu ba. Don haka muka ƙarasa. Muna godiya ga ma'aikacin gidan tarihi na Kanta da ya bi da mu ɗaki ɗaki cikin ginin da ya kasance fadar Sarkin Kabi har zuwa 1942, kafin a buɗe shi a matsayin gidan tarihi a 1958, ya nuna mana masu da takubba da kwari da baka da tambura, yana tafiya a hankali saboda ɗan'uwanmu. Daga nan wani masunci ya raka mu bakin Matan Fada, inda aka fara bikin kamun kifi a 1934 lokacin ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu. Ruwan ya cika ya yi ja saboda damina, fadamar shinkafa ta yi kore iya ganin ido, ya kuma ɗauko homa da gora ya gwada mana yadda ake kwanciya a kan goran ana su.

A ƙarshe muna neman afuwar iyayenmu da matanmu da suka kwana biyu ba barci, muna kuma godiya ga 'yan'uwa da abokan arziki da suka yi ta kira da addu'a, da waɗanda suka cika gidan ɗan'uwanmu da dubiya tun ranar da muka dawo. Kumburin hannun ya sauka, ya fara motsa yatsunsa, kuma likita ya ba shi ranar komawa. Duk wanda ke da ɗan'uwa a ƙauyukan da ke tsakanin mararrabar Gwandu da Aliero, muna roƙon ya isar mana da wannan gaisuwa, ya kuma faɗa wa Inna cewa bargonta yana wurinmu an wanke shi, kuma in Allah Ya yarda da kaka mu huɗu za mu kawo mata shi da kanmu.

Allah Ya saka wa kowa da mafificin alheri. Wassalamu alaikum.