Ƙyauren da ke buɗe kansa

Talata. Yau hunturu ya tashi da ƙarfinsa, ƙura ta rufe gari har ba a hango ƙarshen layi. Ina shan koko Hajiya ta kira ni a waya.

"Malam kafinta, ka zo ka ga ƙofarka. Jiya da dare sau uku ina tura ta tana dawowa. Yaran nan har sun fara cewa gidan da mutanen ɓoye."

Na yi dariya, amma cikina ya ɗuri ruwa. Ƙofofi shida na kafa mata a sabon ginin nan makon jiya, kuma katakon da hannuna na zaɓo shi a 'Yan Katako ta Na'ibawa, busasshe, ba mai murɗewa ba. Ba ta biya ni cikon kuɗina ba tukuna.

Muka isa ni da yarona wajen ƙarfe tara. Ɗakin tsakiya ne. Na jawo ƙyauren ya kusa rufuwa, na sake shi, sai ga shi yana tafiya a hankali kamar mai jin kunya, har ya buɗe wangalau ya tsaya. Na ɗauko lebul ɗina mai ƙafa 2, ma'aunin nan mai kumfa a cikin ruwa da ake duba daidaiton abu da shi, na manna a jikin firam. Kumfar ta zauna daram tsakanin layukan nan biyu. Na manna a sama, na manna a ƙasa, duk ɗaya. Har na fara zargin hinji.

Baba magini yana tsakar gida yana gyaran makwarara, yana kallonmu ta wutsiyar ido. Can ya ce, "Ɗana, juya shi."

Na gane nufinsa, kunya ta kama ni, domin abu ne da na sani tun ina yaron shago. Na birkita lebul ɗin, fuskar da ke waje ta koma jikin katako, a daidai wurin da na auna da farko. Kumfar ta gudu gefe. Lebul mai lafiya, ko ta wace fuska ka manna shi, magana ɗaya zai faɗa maka. Na waiga na kalli yarona, ya sunkuyar da kai yana wasa da ƙusa. Ashe ranar da muke aikin silin lebul ɗin ya suɓuce masa daga kan tsani, ya goge shi ya mayar jaka bai ce uffan ba.

Baba ya zaro dalmarsa daga aljihun 'yar shara, wani ɗan dunƙulen ƙarfe mai tsini da ya yi baƙi don tsufa, ɗaure da zare. Na buga ƙusa a saman firam muka rataya. Nan fa iska ta ce ba ta san zancen ba. Tagogin ba a sa musu gilashi ba, zaren sai lilo yake yi. Baba ya sa aka kawo bokiti da ruwa, ya tsoma dalmar ciki ba tare da ta taɓa gindin bokitin ba. Kafin ka ce kwabo ta natsu. Shekarata goma sha a sana'ar nan, ban taɓa ganin wannan dabarar ba.

Na auna da tef daga zare zuwa katako, sama da tsakiya da ƙasa. Kan firam ɗin ya rinjayo cikin ɗaki da kusan rabin inci a tsawon ƙafa 7. To ina ƙyaure zai tsaya? Hinjin sama ya riga na ƙasa shigowa ɗaki, nauyin ƙyauren kuwa gangara yake bi, kamar ruwa. Zaren ya kuma tona wani abin da ban nema ba: ƙafar firam ta ɓangaren makulli ta ɗan yi ciki a tsakiya. Guntun lebul ba ya ganin irin wannan, iyakarsa ƙafa biyun da ya kwanta a kai.

Ba zan yar da lebul ba dai. Wajen daidaita kan firam a kwance shi ne gwani, zare ba ya wannan aikin, kuma ya fi sauri nesa ba kusa ba. Amma ƙafar da ke ɗauke da hinji, daga yau da zare zan riƙa tsayar da ita.

Fasa filasta muka yi ta gefe ɗaya, muka sassauta firam, muka tura shi da 'yan guntayen katako har tazarar ta zo ɗaya daga sama zuwa ƙasa, sannan Baba ya cike da siminti. Sauran biyar ɗin ma muka bi su da zare. Biyu sun ɗan kauce, ɗaya da gyaran hinji kawai ta samu, ɗayar sai gobe.

Bayan la'asar na kira Hajiya. Na buɗe ƙyauren rabi na sake shi, ya tsaya inda na bar shi. Ta tura da ɗan yatsa, ta ja, ta ce, "To, Allah ya yi albarka. Amma kuɗin simintin nan ba ni zan biya ba."

Ban yi musu ba. Baba na ba shi na goro ya ƙi karɓa, sai da na haɗa shi da Allah. Yaron kuwa na ce gobe da sassafe ya same ni a Ƙofar Ruwa, zai ɗauko sabon lebul mai ƙafa 4, kuma a gaban mai shago zai juya shi fuska biyu kafin in fito da ko sisi.