Mako na bakwai a kan benci: bolt, koyil da batirin sigarin lantarki

'Yan uwa masu koyon gyara, ga inda na kai wannan makon. Mu dai a shagonmu da ke Mabera, a Sakkwato, gyaran waya muke yi, amma tun bayan ƙaramar Sallah ake ta kawo mana sigarin lantarki, wanda samari ke kira shishar aljihu, wani ya daina caji, wani yana ƙauri. Maigida ya tara su a kwali ya miƙo mini ya ce in koyi lissafin wuta a kansu. Ni ba na sha, kuma duk wanda ya kawo ina gaya masa nikotin ɗin da ke cikin ruwan yana kama mutum kamar yadda taba ke yi. Yaro kuwa ba ma karɓar nasa ko nawa zai biya.

Na farkon da na buɗe irin siririn nan ne mai kama da biro, mai ɗan maɓallin murɗawa a gindi, daga bolt 3.2 zuwa 4.8. Mai shi ya ce kullum ɗanɗanon ƙuna yake ji. Na auna koyil ɗin, wato siririyar wayar da ke yin zafi ta mayar da ruwan tururi, om 1.8 (om shi ne ma'aunin yadda waya ke turje wa wuta). Lissafin da maigida ya rubuta mini a bayan kwalin siminti shi ne: bolt sau bolt, a raba da om, sai a sami wat. A kan 3.7 koyil ɗin na cin wat 7.6. Mai shi kuwa ya murɗe har ƙarshe, 4.8, wato wat 12.8. Ƙarin bolt ɗaya da ɗoriya kawai, zafi ya kusa ninkawa. Da na zare audugar da ke tsotso wa koyil ruwa, tsakiyarta ta yi baƙi ƙirin ta ƙeƙashe, gefenta kuma fari tas. Na sa sabon koyil, na maido masa 3.6, ƙaurin ya tafi.

A nan na yi wani kuskure da ba na so ku maimaita. Wani koyil na auna, mitata ta nuna om 0.5, na rubuta. Maigida ya leƙo ya ce, "Kai yaro, haɗa bakunan mitar tukuna ka ga mi za ta ba ka." Na haɗa su, sai ga 0.3. Ashe wayoyin mitar ma suna da nasu om ɗin, sai an cire shi daga abin da aka auna. Koyil ɗin 0.2 ne. A gyaran waya wannan ɗan bambanci ba ya damun kowa, amma a nan shi ne komai: cikakken batir bolt 4.2 yake, amfiya kuma, wato yawan wutar da ake ja, bolt ne a raba da om; a kan 0.5 zai ba da amfiya 8 da 'yan kai, a kan 0.2 kuwa amfiya 21.

Wannan ya kawo ni kan batir, inda na fi daɗewa. Manyan na'urorin suna ɗaukar batirin 18650, sunan ma girmansa ne, faɗi milimita 18, tsawo 65. Shi ne dai wanda muke gani a tocila da fankar caji, amma kama da wane ba ta wane. Kowane batir yana da iyakar amfiyar da zai iya bayarwa ba tare da ya ɗau zafi ba. Samsung 25R yana ɗaukar 2500mAh (yawan cajin da yake riƙewa) kuma yana jure amfiya 20, LG HG2 3000mAh da amfiya 20, Samsung 30Q kuma 15. Waɗanda ake zubawa a faranti an rubuta musu 9900mAh, ku bar su inda kuka gan su, babu 18650 na gaskiya da ya kai ko rabin haka. Na ɗauki ɗaya a tafin hannu na gwada da na asali, sakayau yake kamar ba komai a ciki.

Na'urorin iri biyu ne. Akwai mai fanel, wato allon da ke sarrafa wuta, wadda kake zaɓar wat ko bolt, tana yanke wuta idan koyil ya haɗe ko batir ya yi ƙasa. Akwai kuma zallar bututun ƙarfe da maɓalli, batir kai tsaye zuwa koyil, ba abin da ke tsare mutum. Ta biyun na ƙi taɓawa, maigida ma ya ce a mayar wa mai ita. Ko mai fanel ɗin ba a sakin jiki: idan an sa wat 60 a batir ɗaya kuma ya sauka zuwa 3.2, ana jan kusan amfiya 19, kafin a ƙara abin da fanel ɗin ke ci. Haƙorin da ke haɗa tankin ruwa mai koyil da jikin na'ura yawanci irin da ake kira 510 ne, na wannan kamfani na hawa na wancan, shi ya sa mutane ke ɗaura koyil ɗin da batirinsu ba zai iya da shi ba.

Sai zafin garinmu. Batirin litiyam ba a so a yi masa caji sama da digiri 45, Sakkwato kuwa a watan Afrilu inuwa ma tana wuce 40. Wani ya kawo tasa da ya bari a ƙarƙashin kujerar babur da rana tsaka, ledar batirin ta yage a wuya, ƙarfe a waje. Jikin 18650 gaba ɗayansa nagatif ne, makulli ko kwabo ya taɓa wurin nan da kan batirin, shi ke nan, wuta ta haɗe. Na sa masa sabuwar riga da zoben takardar kai, na hura da na'urar iska mai zafi a hankali har ta kama.

Na yarwa ɗin nan kuma, waɗanda ba a sake zuba musu ruwa, na fasa guda huɗu. Ciki akwai ƙaramin batir mai bolt 3.7 da wani abu kamar makirfo da ke jin zuƙa ya kunna wuta. Batura uku suna da rai, ɗaya ya kumbura na tura shi cikin bokitin yashi. Ina so in yi fitilar karatu da su. Na sayo fanel ɗin caji TP4056, amma amfiya ɗaya yake turawa, ya yi wa ƙaramin batir yawa. Gobe in Allah ya kai mu zan cire rezistan 1.2k in ɗora mai 4.7k, cajin ya sauko kusan miliamfiya 250. Wanda ya taɓa ɗaga rezista ƙanƙane haka da ƙarfen dalma mai kaurin baki ya gaya mini yadda ya yi, don biyu sun riga sun ɓace mini a ƙasan benci.