Muna jiran haihuwar farin akuyarmu

Assalamu alaikum 'yan uwa na gida, ya iyali ya hidima, fatan kowa yana lafiya. Mu ma nan Alhamdulillah, sai dai kwanakin nan barcina rabi da rabi ne saboda akuyar da muke kiwo a 'yar gonarmu ta kusa sauka, kuma wannan ne cikinta na fari.

Irin Saanen ce, fararen nan tas da asalinsu daga Suwizalan yake, don madara ake kiwonsu. Cikin akuya wajen kwana 150 ne, ko ya gaza da biyar ko ya haura da biyar, kuma abin da nake so ku ɗauka a wasiƙar nan shi ne rubuta ranar barbara. Ranar da aka kai ta wajen bunsuru mun rubuta mun manna a ƙofar ɗakinta, shi ya sa muka san satin da za mu zuba ido, muka san lokacin ƙara mata abinci, don a sati shida na ƙarshe ne ɗan ke yin mafi yawan girmansa, in abinci ya gaza a lokacin sai ka ga akuya ta kwanta ta ƙi ci, wata ma a rasa ta da ɗan gaba ɗaya. Saura wata guda likitan dabbobi ya zo ya yi mata allurar rigakafin tetanus da ciwon hanji, wadda kariyarta ke bi ta dakashi ta isa ga ɗan.

Yanzu kam hantsarta ta cika ta yi tauri har tana sheƙi. Safe da yamma nakan sa yatsu biyu a gindin wutsiyarta, akwai jijiyoyi biyu gefe da gefe masu tauri kamar fensir, in haihuwa ta matso sai su yi laushi har ka neme su ka rasa, to daga nan da wuya ta wuce kwana guda. Nata sun fara saki amma da saura. Tana tonon ciyawar shimfiɗa da kofato, ta kwanta ta tashi ta waiwaya tana kallon cikinta tana wani ɗan kuka ƙasa ƙasa, wallahi tausayi take ba ni, ba ta san me ke faruwa da ita ba.

Mun tanadi tsummoki masu tsabta, aidin na tsoma cibiya, safar hannu, tocila da lambar likita. Amma ni a ganina babban aikin shi ne haƙuri, mutane da yawa gaggawar jan ɗa ce ke sa su yi wa uwar rauni. In komai daidai ne kofato biyu na gaba za ka fara gani, hanci a kansu, sai ka ja gefe ka bar ta ta yi aikinta. In ta yi rabin awa tana yunƙuri sosai babu abin da ya fito, ko ka ga kai kaɗai ko wutsiya, to nan ne za a kira likita ba jira. Mabiyiya ma ba a janta, da kanta take faɗowa cikin 'yan awanni.

Sai maganar dakashi, wanda duk son madararmu ba mu da rabo a ciki, na ɗan ne, kuma a so ya sha cikin awa ɗaya ko biyu na farko tun hanjinsa na iya ɗaukar kariyar da ke ciki. Mai haihuwar fari wani lokaci takan tsorata ta ƙi tsayawa ya kama nono, sai an riƙe ta a hankali an matse ɗan toshin bakin nonon an sa masa.

Ku sa mu a addu'a Allah ya sauke ta lafiya, in ta haihu zan rubuto muku ko ɗaya ne ko tagwaye. A gaida kowa da kowa.